Kayan da Niña Mina Ba Ta Rubuta Ba

Duk wanda ya bi ta bayan cocin El Guayabal da hantsi zai tarar da Niña Mina zaune a barandarta tana tsintar wake. Herminia Cañas ne sunanta a takarda, amma ko limamin coci ba ya kiranta haka. Niña kuwa lakabin girmamawa ne da muke yi wa mata. A ɗakinta akwai manyan akwatuna huɗu jingine da bango, ta lulluɓe su da tsohon zanen gado, har kaza ta taɓa yin ƙwai a bayansu. In baƙo ya tambaye ta me ya sa ta bar tafiya, sai ta shafa gwiwa ta ce, "Ƙafa ce." Ba wanda ya taɓa ganin ta tana ɗingishi.

Shekara ashirin da uku ta yi tana hanya. Lokacin yaƙi, bayan an binne mijinta, ta gudu Amurka, wadda mu nan Arewa kawai muke ce mata. Haihuwa Allah bai ba ta ba. Ta yi shekara tara tana gyaran gadaje a wani otal a Washington har ta sami takardar zama, abin da yawancin 'yan garinmu da ke can ba su samu ba har gobe. Da aka ajiye bindigogi ta zo ganin gida. Ranar komawarta mata suka cika mata baranda, wannan da busasshen cuku, waccan da wasiƙa, wata da saiwar maganin ciki. Duk na 'ya'yan da suka tafi ne ba su da halin dawowa, don wanda ya ƙetara ba takarda, in ya fito ba ya komawa. Da ta isa can, 'ya'yan su ma suka cika ta da takalma da rediyo da maganin hawan jini. Ba zama ta yi ta zaɓi sana'ar ba. Ita ce kawai a garin ke iya shiga ta fita.

Sau biyu a wata take tashi. Doka ɗaya gare ta, ba ta kuma sassauta wa kowa: ba ta ɗaukar ƙulli a ɗaure. Ko na wa ne, sai an kwance a gabanta ta gani, ta taɓa, wani lokaci ta sansana. Akwai ranar da ta sa matar magajin gari ta zazzage 'yan kamfai a kan tebur gaban jama'a, matar na cika tana batsewa, ita ko tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. In ta gama dubawa sai ta shigar a takardar kaya: mai aikawa, mai karɓa, abin da ke ciki. Wannan takarda ita take miƙa wa kwastan in ta sauka. Shekara ta bi shekara ba a taɓa samun ko allura a akwatinta da ba ta cikin takarda ba, har aka ba ta katin da ake ba masu irin sana'arta waɗanda aka yarda da su. Mai katin layinsa daban. Yakan shigo da kayan gida arba'in, ya miƙa takardarsa, a gaskata shi. Wanda ba shi da shi kuwa fasinja ne kawai mai akwati biyu. Katin nan shi ne gonarta, shi ne saniyarta. A 'yar leda take sa shi, ta rataya a wuya ƙarƙashin riga, igiya ɗaya da ɗan gicciyenta.

A cikin gidajen nan arba'in akwai ɗaya da ba ta taɓa ɗora ƙullinsa a kan sikeli don karɓar lada ba, gidan Niña Tancho, wadda a takarda Tránsito Benítez ce. Tare suka tashi, tare suka yi wanki a rafi. Da Tancho ta haifi Ovidio, wanda daga shi ba ta ƙara ba, Mina ce ta riƙe shi ranar baftisma, kuma tun daga ranar suke ce wa juna komadre. Yana ɗan shekara goma sha tara ya tafi Arewa ta ƙasa, ya shiga aikin rufin gidaje a Maryland. Shekara goma sha huɗu uwa da ɗa ba su ga juna ba sai a hoto. Mina ce idonsu.

"Ya rame?" Tancho za ta tambaya tun kafin a sauke akwati daga mota.

"Ramar lafiya? Komadre, tumbi ya ajiye kamar mai ciki wata biyar."

Can kuma Ovidio zai tare ta a ƙofa yana goge hannu a wando.

"Mama Mina, ina cukuna? Ko kin cinye a jirgi?"

"Ɗan banza, da wane haƙori? Zo ka ɗauki akwatin nan, kafin in faɗa wa uwarka har yanzu tuzuru ne kai."

"Ai ke nake jira."

"Jira, ka bushe."

A watan Agusta na shekarar da muke magana, ya zame daga saman wani gida mai hawa uku. Bai kai asibiti da rai ba.

Ovidio ba da sunansa yake aiki ba. Kamar mutane da yawa, takardun wani ya saya, wani mutumin Puerto Rico mai suna Héctor Lugo, kuma su ne a aljihunsa ranar da ya faɗo. Da wannan suna aka rubuta mutuwarsa. Hukumar garin ta jira dangin Héctor Lugo, ba su zo ba, tunda Héctor Lugo na can wani wuri yana cin abincinsa lafiya lau. Abokan aikin Ovidio kuwa ba mai takarda a cikinsu, kowa na tura kowa. Kafin Neftalí, ɗan garinmu da suke ɗaki ɗaya, ya yi ƙarfin halin zuwa tare da wani limamin coci, an riga an ƙona gawar, yadda suke yi wa wanda ba shi da kowa.

Da Mina ta iso, Neftalí ya ajiye mata wani baƙin akwatin roba a kan tebur, bai kai bulo ɗaya girma ba. Tokar Ovidio ce a ciki. Ya ja gefe ya tsaya yana jira, don ya san dokarta. Ta daɗe tana kallon murfin. Ba ta buɗe ba. Ta sa hannu biyu ta ɗaga, sai ta ji nauyin ba baƙo ba ne a hannunta. Kusan haka yake ranar baftisma.

Washegari ta tafi ofishin jakadancinmu. Matar da ke teburin ta yi mata ta'aziyya, ta ba ta kujera, ta karanta takardar mutuwar sau biyu. Ta ce ba su da ikon buga hatimi a kan mutumin da takarda ta ce ɗan wata ƙasa ne. Sai kotu ta gyara suna tukuna. Wata nawa? Shida, ko takwas, in an yi sa'a. In kuma aka tafi da shi ba hatimin, to a filin jirgin gida za a riƙe shi har takarda ta cika.

Tancho ba ta da wata shida. Ƙodarta ta daɗe da gajiya, kuma tun kafin wannan labari likita ya ce a mayar da ita gida a ba ta duk abin da ranta ke so. Kowa ya san ma'anar haka. Da Mina ta buga waya, ƙanwar Tancho ce ta riƙe mata ita a kunne.

"Komadre, yaushe za ki kawo min shi?"

"Akwai wata 'yar takarda da ta rage."

"Kin kawo min takalma daga wurinsa. Kin kawo min fanka. Na taɓa ce miki ki yi sauri?" Numfashin ya ɗan ɗauke, ya dawo. "An haƙa ramin kusa da ubansa. Ni dai riƙe nake da kaina, komadre, kuma hannun ya soma gajiya."

"Ranar Alhamis," Mina ta ji bakinta ya faɗa.

"To ki kira shi. Kin ji ko? Shekara goma sha huɗu, ga shi sun laƙa masa sunan wani. Ba zai gane hanya ba. Kowace ƙofa, kowane ruwa. Da baki, komadre, ba a zuci ba. Ba sa jin na zuci."

Haka muke yi tun kakanni. Wanda ya mutu a waje, in ana kawo shi gida, mai rakiya yakan kira sunansa a bakin kowace ƙofa da kan kowace gada, ya ce masa ya taho. In aka tsallake guda, jiki zai iso, shi kuma ya tsaya can inda aka manta da shi.

Ranar Laraba da rana ta zauna da takardar kaya. Ƙulli arba'in da ɗaya ta shigar, kowanne ta kwance ta gani. Ta zo layi na arba'in da biyu ta ɗora biro. In ta rubuta gaskiya, za a karɓe shi. In ta rubuta garin madara, ko hoda, to ta mayar da ɗan da ta riƙe a coci garin madara. Ta ɗaga biron, layin ya zauna fari. Ta naɗe akwatin a tawul, ta sa a jakar hannu, ta ɗora rigar sanyinta a kai.

A filin jirgin can ba a sami matsala ba. Ta nuna takardar mutuwar, suka haska jakar da na'ura, ma'aikacin har ya ɗan sunkuyar da kai. Su sunan bai dame su ba. Ta kira shi a ƙofar ɗakin Neftalí, ta kira a ƙofar mota, ta kira a ƙofar jirgi. "Ovidio, taho ɗana, gida za mu." Turawa suka ɗauka tsohuwa ce mai magana ita kaɗai. Da jirgi ya hau kan teku ta rasa yadda za ta yi, don ruwan ba a ganin farkonsa balle ƙarshensa, sai ta riƙa kira jifa-jifa, jakar na kan cinyarta. Aka kawo abinci ba ta taɓa ba. Aka raba 'yar takardar da ake tambayar fasinja abin da ya shigo da shi, ta bi ta har ƙasa tana cewa babu, babu, tana danna biron har ya huda takardar a wuri ɗaya.

Da azahar suka sauka. A layin masu kati ta tarar da Yolanda, wata 'yar sana'arsu daga Usulután, mai baki kamar rediyo.

"Niña Mina! Wa ya mutu? Dubi fuskarki kamar tsumman da aka matse."

"Ciki ke damuna."

"Na sha gaya miki ki daina cin kazar mutane a hanya. Kawo jakar in riƙe miki, kin wani rungume ta kamar sabon saurayi."

"Bar ta."

"To, to, Allah ya ba ki haƙuri! Zinariya ce a ciki?"

Mina ta ƙara matse jakar a ƙirji. Layin na matsawa, gumi na bin bayanta duk da sanyin na'urar da ke zauren.

Don Efraín ne a tebur. Shekara goma sha biyar yana karɓar takardarta. Mutumin gabas ne shi ma, daga wani ƙauye bayan San Miguel, ya kusa ritaya, hannun tabaraunsa ɗaya ɗaure da zare.

"Niña Mina, sannu da hanya. Nawa yau?"

"Arba'in da ɗaya."

Ya dubi akwatuna huɗu, ya bi takardar da yatsa, ya tsaya a kan wani suna. "Wannan Rosar, injin markaɗe na uku ke nan a bana. Shago za ta buɗe?"

"Surukarta ke fasawa."

Ya yi dariya, ya buga hatimi. "Ba wani abu kuma?"

Kullum yakan yi wannan tambaya, kullum ba ya ɗaga kai. Shekara goma sha biyar amsar na fitowa da kanta. Yau sai da ta nemo ta.

"Babu."

"Danna."

Ko mai kati sai ya danna maɓallin fitila. In ta kawo ja a buɗe kaya, in ta kawo kore a wuce. Ta danna da yatsan da ba ta ma ji a jikinta. Kore.

Tsakanin teburin Don Efraín da ƙofar fita bai fi taku goma ba. Ƙofar gilashi ce mai buɗe kanta. Bayanta ga rana, ga jama'a jingine da ƙarfe suna jiran nasu, ga hular Lito, direban da ke ɗaukar ta tun fil azal. Mai dako ya tura akwatunan ya fita. Ita kuma ta zo bakin ƙofar ta ja ta tsaya.

Ba ta yi tunanin wannan ƙofa ba. Kwana biyar tana juya maganar tebur da fitila a ranta, a nan dabararta ta ƙare. Ta ce bari ta fita ta kira daga waje. Amma daga waje an riga an wuce. Ta gwada motsa leɓe kawai, sai ta ji muryar Tancho a kunnenta. Ta waiga, Don Efraín na karɓar takardar Yolanda. Ƙofar ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa. Sai ta hango Ovidio a ranta, tsaye a wannan zaure mai sanyi, yau da gobe da jibi, baƙi na wuce shi da akwatunansu, taku ɗaya tsakaninsa da ƙasar uwarsa.

Ta sunkuya kan jakar. Ta so ta yi a hankali, amma muryar da ta sha kuka ba ta jin magana.

"Ovidio, taho ɗana. Ga wata ƙofar. Mun iso ƙasarmu."

Da ɗan birni ne a teburin, da ya ɗauka waya take yi. Don Efraín ya ajiye hatiminsa. Shi ma ya taɓa rako ƙanensa a bayan mota daga gonakin auduga, ya san wa ake yi wa irin wannan kira. Yolanda ta rufe baki da hannu, ta yi alamar gicciye. Mutum huɗu ko biyar a layin suka cire hula. Wato dai duk zauren ya ji, har da shugabar aikin ranar, wadda ke tsaye kusa da fitila.

"Niña Mina," ya ce, bai ɗaga murya ba. "Dawo."

Aka shiga da ita wani ɗan ɗaki mai tebur ɗaya. Da hannunta ta cire rigar sanyin, ta warware tawul. Shugabar matashiya ce, a shekaru Mina ta isa ta haife ta. Ita ta karanta takardar mutuwar.

"Héctor Lugo."

"Ovidio Benítez. Ɗan Tránsito Benítez ta El Guayabal. Ni na riƙe shi a coci."

"Takarda ba haka ta ce ba, Niña."

"Takarda ba ta san shi ba."

Shugabar ba ta yi mata tsawa ba. Ta zauna ta yi mata bayani dalla-dalla. Magana biyu ce. Ta farko, ta shigo da abu ba ta bayyana ba, ga ta kuma mai kati, dole a rubuta. Amma da yake shekarunta wanke suke tas, da wuya abin ya wuce dakatarwar wata uku, sannan katinta ya dawo. Ta biyu, akwatin zai zauna a ɗakin ajiya har hatimi ya zo.

Mina ta san ɗakin ajiyar. Nan ake tara naman da aka ƙwace da mangwaron da ya ruɓe kafin a kwashe.

Matar da ba ta taɓa durƙusa wa kowa ba sai a coci, sai ga gwiwoyinta a ƙasa. Har sai da aka ji ƙararsu a kan siminti.

"Ranki ya daɗe, 'yata, uwarsa ba lallai ta kai Lahadi ba. Ku shigo da akwatunan nan huɗu ku zazzage, in kun sami allura ɗaya da ban rubuta ba ku ɗaure ni. Ko ku riƙe ni. Ni ku sa ni a ɗakin ajiyar, in kwana da mangwaron, ku ba Lito shi ya kai shi. A'a, ba Lito ba, Lito zai manta gadoji, surutu gare shi. Ku haɗa ni da ɗan sanda, in kai shi in dawo yau ɗin nan. Don Efraín, kai ka san ni. Faɗa mata. Shekara ashirin da uku ko ruwan sha ban taɓa roƙon ku ba."

"Tashi, Niña Mina. Don Allah tashi."

"Na ce mata Alhamis. Yau Alhamis."

Shugabar ta kau da kai ta dubi bango. Ta ce da ita kaɗai ta ji, da wata magana ce, amma zaure guda ya ji, kuma ita ma akwai na sama da ita. Mina ta miƙa hannu ta dafa akwatin daga inda take durƙushe, kamar mai tsoron a fizge.

Don Efraín ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga.

"Ranki ya daɗe, akwai hanyar da mukan bi da kayan da ba sa jira. Irin maganin nan da ke son sanyi. A saki kaya, mai shi ya bar jingina, ya kawo takarda cikin kwana talatin."

"Wannan ba kaya ba ne, Don Efraín."

"Ba kaya ba ne, ranki ya daɗe. Amma ba ya jira."

"To jinginar me? Wa zai yi masa ƙima?"

Don Efraín ya mayar da tabaraunsa. Idonsa dai ya sauka a kan igiyar da ke wuyan Mina. Shugabar ta bi idonsa da kallo, sannan ta ce in mai shi ta yarda, ita za ta sa hannu.

Shi ya kama Mina ya tashe ta, ya zaunar da ita a kujera, ya tsuguna daidai fuskarta.

"Ki ji ni da kyau, kada ki ce ban faɗa miki ba. In kin bar shi nan, wata uku ne, katinki ya dawo, ni da hannuna zan rubuta miki shaida. Kuma ba zan bari a haɗa shi da nama ba, zan nema masa wuri a sama. In kin tafi da shi, kwana talatin ne. Takarda ba ta zo ba, katin ya tafi ke nan, ba a sake bayarwa. Wata nawa suka ce miki?"

"Shida."

"To kin gani."

Ta gani. Ta sa hannu a wuya ta zaro igiyar. Ƙullin ya sha gumin shekaru ya taurare, farce ya kasa. Ta kai shi baki, ta sa 'yan haƙoran da suka rage mata ta kwance. Ta zare katin daga ledarsa ta ajiye a tebur, ta mayar da gicciyen da ledar wuyanta.

"A ba ni takardar kayana."

Aka ba ta, aka ba ta biro. A layi na arba'in da biyu ta rubuta. Mai aikawa, Ovidio Benítez. Mai karɓa, Tránsito Benítez. Abin da ke ciki, shi kansa. Don Efraín ya karanta, ya buga hatimi a kai, ya tashi ya riƙe mata ƙofar ɗakin. A nan ma ta kira. A ƙofar gilashin kuwa ta tsaya ta kira da dukkan muryarta, tunda ba sauran abin da za a karɓe.

Lito ya ga idonta bai tambaye ta komai ba, ko rediyo bai kunna ba. Shekara ashirin yana bin hanyar gabas, bai san gadojinta sun kai haka yawa ba sai ranar. Kowace suka tunkara sai ta dafa masa hannu ya rage gudu. A kan babbar gadar kogin Lempa sau uku ta kira, farko da tsakiya da ƙarshe. Har 'yar kwalbatin da ke gab da gari, wadda ruwa ba ya bin ta sai da damina, ba ta bari ba.

Rana na dab da faɗuwa suka shigo El Guayabal. Kamar kullum jama'a sun taru a barandarta suna jiran ƙullinsu. Ta wuce su ba ta ko waiga ba, su ma ba wanda ya kira ta. A ƙofar Tancho ta tsaya.

"Ovidio, shigo. Gidanku ne. Ga uwarka."

Tancho na kwance a lilonta na zare, ƙafafu sun kumbura. Ta buɗe hannuwa, Mina ta ɗora mata shi a ƙirji.

"Kin kira shi?"

"Kowace ƙofa."

"Ba ki tsallake ko ɗaya ba?"

"Ko ɗaya."

"Sun ba ki wahala a filin jirgi?"

"Ni? Kore na danna."

Tancho ta lumshe ido. Ta ɗan ɗaga akwatin da hannu biyu, ta mayar.

"Ya rame, komadre. Ke kika ce min tumbi ya ajiye."

"Hanya ce, komadre. Hanya ce ta yi nisa."

Ranar Juma'a aka binne shi kusa da ubansa, aka ɗauko Tancho a kujera ta gani da idonta. Ranar Asabar Mina ta raba ƙulli arba'in da ɗaya, kowa ya kwance nasa a gabanta. Kwana goma sha ɗaya bayan haka aka sake haƙa wani ramin a gefen na Ovidio, na uwarsa.

Yanzu Yolanda ce ke zuwa El Guayabal sau biyu a wata. Mai bakin nan kamar rediyo, ba wanda ya taɓa jin ko kalma ɗaya daga gare ta a kan abin da ya faru a zauren. In ta zo takan biya ta barandar ta ce, "Tsohuwa, yaya ƙafar?" Mina ta ce, "Da sauƙi, ki dai daina cin kazar mutane."

Takardar da aka jira ta zo a wata na tara, da sunan Ovidio Benítez daidai, da hatimi mai kyau. Yolanda ce ta kawo, ambulan a buɗe, ta kuma shigar da ita a takardar kayanta. Mina ta goge hannu a zane ta karanta har ƙasa. Ta ninke ta huɗu, ta zaro igiyar wuyanta, ta sa ta a 'yar ledar nan, ta mayar ƙarƙashin riga. Sannan ta jawo kwanon wakenta.